Wasiƙa daga Garwa zuwa Abeche game da haɗa aikin PCR

Garwa, Arewacin Kamaru

Zuwa ga aminina kuma ɗan'uwana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna, da maiɗakinka da yara, da dukkan abokan aikinka a Abeche. Mu ma nan Garwa lafiya muke, sai godiyar Allah, in ban da zafin Afrilu da ka sani, wanda ya sa ruwan Binuwai ya janye har yashi ya bayyana. Saƙonka ya iso ni ranar Laraba, na kuma yi farin ciki ƙwarai da jin cewa injin PCR, mai ninka guntun DNA har a iya gano shi, ya iso ɗakin gwajinku bayan doguwar jira. Ka ce an nuna maka yadda ake kunna shi, amma ba ka taɓa haɗa kwalba ko ɗaya da hannunka ba, kuma kana so ka fara da neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini. Na zaɓi in rubuto maka a tsanake maimakon in aiko da saƙon murya, domin ka sami abin da za ka ajiye kusa da teburin aiki, ka riƙa dubawa.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a rai shi ne, injin nan ba shi da wani aiki da ya wuce ɗumamawa da sanyayawa a kan lokaci. Bai san ko jinin wane ka zuba ba, bai san ko ka manta wani sinadari ba, bai kuma san ko ƙura ta faɗa a kwalba ba. Duk abin da zai sa sakamako ya zama gaskiya ko ƙarya ya riga ya faru a hannunka kafin ka rufe murfin injin. Saboda haka mafi yawan wannan wasiƙa a kan hannu za ta yi magana.

Ka tuna abin da muka karanta tare a Ngaundere, cewa DNA igiya ce mai zare biyu da aka tufka, kowane zare kuma jerin haruffa huɗu ne, A da T da G da C, inda A ke kama T kullum, G kuma ke kama C. Aikin PCR warwara ne da sabuwar tufka. A digiri 94 ko 95 zafi yana raba zaren biyu. Daga nan inji ya sauko zuwa wani wuri tsakanin digiri 50 da 65, inda wasu gajerun guntayen DNA guda biyu, waɗanda muke kira amos a nan labo, suke neman gurbinsu su manne, ɗaya a wannan zare, ɗaya a wancan, su sa yankin da kake nema a tsakiya. Sai inji ya hau digiri 72, inda enzayim ɗin folimares, wato sinadarin da ke ginin DNA, zai kama daga bakin kowane amos ya riƙa jera haruffa har ya gina sabon zare. Igiya ɗaya ta zama biyu ke nan. A zagaye na gaba biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, kuma a lissafin takarda zagaye 30 zai mayar da ƙwaya ɗaya ta wuce biliyan ɗaya. A zahiri ba a kai hakan cif, domin sinadarai suna raguwa kuma enzayim yana gajiya a ƙarshe, shi ya sa yawancin ayyuka ke tsayawa tsakanin zagaye 25 da 35.

Wannan dabara Kary Mullis ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1983 yana aiki a kamfanin Cetus a Kalifoniya ta Amurka, kuma an ba shi lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1993. Abin da ya fi taɓa ni a tarihinta shi ne, cutar da aka fara nuna amfaninta a kai, a rahoton da ya fito a 1985, ita ce sikila, amosanin jinin nan da ni da kai muka san gidajen da ya sa kuka. A wancan lokaci enzayim ɗin da ake amfani da shi daga ƙwayar E. coli yake, zafin raba zare yana kashe shi, saboda haka dole mai aiki ya buɗe kwalba ya ƙara sabo a kowane zagaye. An huta da wannan wahala ne a 1988, lokacin da aka koma ga folimares na wata ƙwayar bakteriya mai suna Thermus aquaticus, wadda Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone suka bayyana ta a 1969. Daga sunanta aka yanko Taq, wanda ke cikin 'yar kwalbar da ka ce ta zo a cikin ƙanƙara.

Ga yadda nake haɗa kwalba ɗaya mai ɗaukar maikirolita 25 (maikirolita kashi ɗaya ne cikin miliyan na lita). Ina sa maikirolita 2.5 na tampon mai ƙarfi ninki goma, wanda shi ke riƙe gishiri da tsamin ruwan yadda enzayim yake so. Ina sa 1.5 na ruwan magnesiyam kulorayid mai ƙarfin milimola 25, wanda zai ba ka milimola 1.5 a cikin kwalba. Ina sa 0.5 na haruffan gini, wato dNTP, masu ƙarfin milimola 10 kowanne, su zama maikiromola 200. Kowane amos yana samun maikirolita 1 daga ruwa mai ƙarfin maikiromola 10. Taq kuwa 0.2 kacal nake sawa daga kwalba mai yunit 5 a kowane maikirolita, wato yunit ɗaya ke nan. DNA ɗin marar lafiya maikirolita 2 ne, sauran 16.3 kuma ruwa ne tsarkakakke da aka yi domin wannan aiki. Amma kafin ka bi wannan lissafi, ka karanta jikin kwalbar tampon ɗinka da kyau, domin wasu kamfanoni suna zuba magnesiyam a ciki tun daga can, kuma idan ka ƙara wani a kai, ka ninka shi ba ka sani ba. Magnesiyam kamar gishiri yake a miya. Idan ya yi kaɗan Taq ba zai yi aiki ba sam, idan kuma ya yi yawa amos za su manne a wuraren da ba nasu ba, ka ga layuka barkatai a jel, wato daskararren farantin da ake ganin sakamako a kansa.

Babu fifet, wato abin auna ɗigon ruwa, da zan amince masa ya auna 0.2 daidai sau goma sha biyu a jere, kai ma kada ka amince. Maganin wannan shi ne a yi uwar haɗi, wato a zuba komai in ban da DNA a babbar kwalba ɗaya, sa'an nan a rarraba. Idan kana da samfurin mutum goma da kwalaben shaida biyu, sun zama 12, sai ka yi lissafin 13 saboda abin da ke maƙalewa a jikin roba. Ruwa zai zama 211.9, tampon 32.5, magnesiyam 19.5, dNTP 6.5, kowane amos 13, Taq 2.6, jimla 299, kowace kwalba ta sami 23. Ka rubuta wannan lissafi a littafin aiki tun kafin ka sa safar hannu, kuma duk abin da ka zuba ka yi masa alama a take. Duk ruwayen nan kamarsu ɗaya, ba su da launi, idan wani ya yi maka sallama a tsakiyar aiki ka amsa, wallahi ba za ka iya tuna ko ka zuba amos na biyu ko ba ka zuba ba.

Ka narkar da komai sarai a kan ƙanƙara, ka girgiza, musamman magnesiyam, domin wanda bai gama narkewa ba ƙarfinsa ba ɗaya ba ne sama da ƙasa. Ka fara da ruwa, ka ƙare da Taq. Shi Taq ba ya daskarewa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili saboda a cikin gilisarin yake, don haka ka ɗauko shi a lokacin da za ka zuba, ka mayar da shi nan take. Yana da kauri, saboda haka kan fifet ya taɓa saman ruwan kawai, kada ya nutse, in ba haka ba zai kwaso fiye da abin da ka auna. Bayan ya shiga, ka gauraya a hankali ba tare da kumfa ba, ka juya kwalaben a 'yar na'urar juyi na daƙiƙa kaɗan domin kowane ɗigo ya sauka ƙasa. Ka kuma tabbata murfin injin yana zafi, wajen digiri 105, domin shi ke hana ruwan ya tashi ya taru a murfin kwalba. Magabatanmu a wannan aiki kuwa, mai suke ɗigawa a saman ruwan saboda wannan dalili.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami da gaske, wato kwalaben shaida. Ta farko ita ce wadda ka sa mata DNA da ka riga ka tabbata yana ɗauke da ƙwayar cutar. Idan ita ba ta nuna komai ba, to rashin layi a sauran kwalabe ba ya nufin mutanen ba su da cuta, yana nufin haɗinka ne bai yi aiki ba. Ta biyu ita ce wadda ka sa mata ruwa zalla a maimakon DNA. Wannan kwalbar ruwa ita ce mai gaya maka ko hannunka da ɗakinka suna da tsabta, kuma a ganina ta fi kowace kwalba daraja a kan tire. Za a zo ranar da sinadarai za su yi ƙaranci, wani ya ce maka asara ce a zuba Taq mai tsada a kan ruwa. Ina roƙonka don Allah kada ka saurare shi.

Zan gaya maka abin da ya same ni a shekarata ta farko a wannan aiki, domin har yau ina jin nauyinsa. Muna duba jinin yara da aka ɗiga a takardar tacewa daga ƙauyukan da ke kusa da ruwa. Makonni na farko komai ya tafi daidai. Daga baya sai na lura masu ɗauke da cutar suna ta ƙaruwa, har wata rana kowace kwalba ta nuna layi. Na kusa rubuta sakamakon, domin lokacin damina ne kuma zuciyata ta riga ta yarda cewa zazzaɓi ya yi yawa, sai na dubi gurbin kwalbar ruwa na ga layi siriri a daidai wurin da na sauran yake. Ruwa ba ya zazzaɓi. Da muka bi diddigi sai muka gano cewa fifet ɗin da nake ɗibar abin da ya fito daga inji da shi, shi ne wanda na koma na yi uwar haɗi da shi, domin a lokacin saiti ɗaya muke da shi a ɗakin. Laifina ne, ba na kowa ba. Mun zubar da amos da dNTP da ruwa gaba ɗaya, mun wanke ɗaki, mun jira sabbin kaya kusan mako uku, na kuma sake duk gwajin da na yi tun ranar da kwalbar ruwa ta fita fes ta ƙarshe. Abin da ke tayar mini da hankali idan na tuna shi ne, da ban sa wannan kwalba ba, da na sa hannu a takarda na ce yara masu lafiya suna ɗauke da cuta, kuma babu wanda zai taɓa ganewa.

Dalilin wannan haɗari yana cikin ƙarfin dabarar kanta. Kwalbar da ta fito daga inji tana ɗauke da biliyoyin guntun da amos ɗinka ke nema, kuma feshin da ido ba ya gani, wanda ke tashi idan ka ɓalle murfi da ƙarfi, ya isa ya ɓata aikin wata guda. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Saboda haka ka raba wurin aiki gida uku: inda ake uwar haɗi, wanda DNA ba ya shiga ko kaɗan, inda ake fitar da DNA daga jini a zuba shi a kwalba, da inda inji da jel suke. Idan ɗakuna uku ba su samu ba, ko biyu ne ka yi ƙoƙari, na ƙarshen ya kasance a ware da ƙofarsa. Kowane wuri da fifet ɗinsa, da rigarsa, da alƙalaminsa, har da littafinsa. Tafiya kuma ta zama mai fuska ɗaya, daga wuri mai tsabta zuwa wurin jel, kuma wanda ya shiga wurin jel kada ya koma yin uwar haɗi a wannan rana. Ka yi amfani da kan fifet mai matata a ciki, sabo ga kowace kwalba. Ka goge tebur da ruwan jabel, wato bilic, da aka sirka kashi ɗaya cikin goma, ka bar shi ya ɗan jima, sa'an nan ka bi da ruwa. Mutane da yawa suna zaton alkol ya wadatar, alhali alkol yana kashe ƙwayoyin cuta ne, ba ya lalata DNA. Wajen zuba samfuri kuma, ka buɗe kwalba ɗaya a lokaci ɗaya, kwalbar shaida mai cutar ta zo bayan na marasa lafiya, kwalbar ruwa kuma ka rufe ta a ƙarshen kowa, domin ta shaida duk abin da ya faru a teburin.

Wannan gargaɗi ya fi shafarka saboda hanyar da ka ce za ku bi, wadda Georges Snounou da abokan aikinsa suka wallafa a 1993, mai hawa biyu ce. A hawa na farko ana ninka wani yanki na ƙwayar halittar 18S da dukkan jinsin Plasmodium, wato ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ke da ita, sa'an nan a ɗebi maikirolita ɗaya daga abin da ya fito a sa a hawa na biyu da amos na kowane nau'i. Layin falciparum yana fitowa a tsawon haruffa 205, na malariae a 144, na vivax a 120. Hanya ce mai gani sosai, tana kama abin da madubin likita ya tsallake, amma tana tilasta maka buɗe kwalbar da ta riga ta cika da DNA a tsakiyar aiki. A daidai wannan gaɓa ka canza safar hannu, ka juya kwalaben kafin ka buɗe, ka kuma wuce da kwalbar ruwa ta hawa na farko zuwa hawa na biyu kamar kowane samfuri.

Game da jinin kansa, ka gaya wa masu ɗiba su sa shi a kwalba mai murfin shunayya, mai EDTA, su guji mai koren murfi, domin hefarin ɗin da ke cikinta yana hana Taq aiki. Jan sinadarin jini ma yana hana shi, saboda haka idan ruwan DNA ɗinka ya fito da ja-ja, wankin bai yi ba. A irin wannan hali ƙara yawan samfuri ƙara matsala ne, sau da yawa sirka shi ninki goma ne ke sa layi ya fito. Jinin da aka ɗiga a takarda kuwa a bar shi ya bushe sarai a inuwa, kowanne a ledarsa da abin tsotse laima.

Sauran abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba shi ne zafi da ƙura da wuta. Yawancin injinan nan an yi su ne domin ɗakin da bai wuce wajen digiri 30 ba, mu kuwa a wannan wata muna wuce 40, na kuma san Wadai, yankinku na Abeche, ba ta fi mu sauƙi ba. Idan ɗaki ya yi zafi inji yana wahala wajen saukowa, don haka idan na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, ka yi gwajinka da sassafe. Ka bar masa fili ta baya, ka riƙa share ƙurar hunturu daga kafofin iskarsa, ka lulluɓe shi idan ba ya aiki. Ka nema masa batirin riƙe wuta wanda zai ɗauke shi har a tayar da janareto, kuma aikin da wuta ta yanke a tsakiya ni ban yarda a gina hukuncin marar lafiya a kansa ba, gara a sake. Amos da dNTP ka rarraba su a ƙananan kwalabe tun ranar da suka iso, domin yawan narkewa da daskarewa yana raunana su, kuma idan ɗaya ta gurɓace ita kaɗai za ka zubar.

Bayan inji ya gama, ka dafa jel na agaros kashi 2 cikin ɗari, wanda ya dace da gajerun guntaye irin naka, ka sa tsanin awo, wato guntayen DNA da aka san tsawonsu, mai hawa ɗari-ɗari a gurbi na farko. DNA yana tafiya ne zuwa wajen jar waya, saboda haka gurabun su kasance a gefen baƙar. Idan rinin da kuke da shi etidiyam ne, kada ka taɓa shi da hannu tsirara, kuma ka kare idonka da fuskarka daga hasken fitilar dubawa. Wajen karantawa ka fara da kwalbar ruwa, sa'an nan mai cutar, sai bayan sun gamsar da kai ka dubi na mutane. Wani hazo da kan fito can ƙasa, bai kai tsawon haruffa ɗari ba, yawanci amos ne suka manne da junansu, kada ka ɗauke shi sakamako. Idan kuma layuka sun yi yawa, ka ɗaga zafin mannewa da digiri biyu ka sake gwadawa, ka kuma canza abu ɗaya tak a kowane gwaji domin ka san wanda ya yi magani.

Akwai magana ɗaya da nake so ka riƙa faɗa wa likitocin da za su karɓi takardarka. Layi a jel yana nuna cewa DNA ɗin ƙwayar yana cikin jini, bai ce ita ce ta kawo zazzaɓin yau ba. A ƙasashenmu mutane da yawa suna yawo da ita kaɗan-kaɗan ba tare da ciwo ba, kuma burbushinta yana iya saura kwanaki bayan an sha magani. Yaron da ya zo da zafin jiki da sanƙarewar wuya a wannan lokaci na zafi yana bukatar a duba shi ta fuskar sanƙarau, ko da layinsa ya fito.

Shawarata ita ce a makon farko kada ka taɓa jinin marar lafiya. Ka yi kwalabe huɗu kawai, biyu na ruwa, biyu na sanannen samfuri, ka maimaita kwana uku a jere, ka ɗauki hoton kowane jel ka turo mini ta WhatsApp tare da hoton shafin lissafinka, mu duba tare. Ka kuma rubuto mini sunan Taq ɗin da aka kawo muku da abin da aka rubuta a jikin kwalbar tampon, domin in gyara maka lissafin idan akwai magnesiyam a ciki. Ina da akwati biyu na kan fifet mai matata da na saya da kuɗina, zan ba wani ɗan'uwa da zai bi ta Marwa da Kusiri zuwa Njamena bayan sati biyu, sai ka faɗa mini wanda zai karɓa a can ya sa maka a motar Abeche.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arta. Maiɗakina tana gaida taka, yara kuma suna gaida 'yan'uwansu. Allah Ya sa albarka a wannan sabon aiki, Ya amfanar da jama'ar Wadai da shi, Ya kuma sada mu da alheri.

Wassalam.

Naka har kullum,
amininka na Garwa